Lasifikar Bayan Labule

Tun da idon Alhaji Ummaru ya fara dushewa ya daina zuwa gonakinsa na Gulma, ya dawo ya zauna a gidansa na Nasarawa cikin Birnin Kebbi. An yi magani har an gaji, an je Sakkwato an dawo, amma iyakar abin da yake gani haske ne da inuwar mutum. Kunne kaɗai ya rage masa.

Shi ya sa ya sa aka gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Aka shimfiɗa darduma mai kauri, aka ajiye kujera ɗaya a tsakiya, aka jera masa kaset-kaset ɗinsa inda hannunsa zai kai. Akwai na karatun Alƙur'ani, akwai na tafsiri. Akwai kuma wani guda da ya fi ji da shi, na gayyar noma da aka taɓa yi masa a fadamar Gulma, ranar da Arzika makaɗi ya zo da gangunansa wani ya ajiye rakoda a bakin gona ya ɗauka.

Abu ɗaya ya rage wa ɗakin. Alhaji yana son dogayen lasifikoki, masu jikin katako, masu tsayawa a ƙasa da kansu har su kawo wa mutum ƙirji, irin waɗanda ya taɓa ji a gidan wani abokinsa.

Maganar na fita ta shiga kunnen samari biyu masu neman babbar 'yarsa, Nuriyya.

Na farko Zulkifli, ɗan Goggo Riskuwa, yayar Alhaji. Ɗan kasuwa ne, kayan wuta yake shigowa da su ta Kamba. Na biyu Abdussamadu, ɗan Argungu, malamin gona da aka dawo da shi gida daga Sakkwato da aka yi sabuwar jiha. Maganar irin shinkafa ce ta fara kawo shi gidan, amma ba ita ta riƙa dawo da shi ba.

Zulkifli ne ya fara kawo nasa, cikin kwalaye biyu masu tsawon mutum. Kwana kaɗan sai ga Abdussamadu a bayan a-kori-kura ya rungume nasa, duk ya yi butu-butu da ƙurar hanya.

Alhaji ya shafa waɗannan ya shafa waɗancan, ya yi dariya.

"Ku ji nan," in ji shi, "ba ni karɓar kyauta ga mai neman ɗiyata. Wadda ta yi min, ni ka biyan kuɗinta. Wadda ba ta yi ba, mai ita shi ɗauki abinshi."

*

Nuriyya ta ci sunan mahaifiyar Alhaji, don haka a gidan ba mai kiran sunanta. Goggo da sauran manya Uwa suke ce mata, Alhaji kuwa Uwata. Ta wuce shekara ashirin, ɗinki take yi a gida, kuma duk unguwar an san ta da kunya. Ko maƙwabciya ce ta shigo ta yaba ɗinkinta, sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Innarta ba ta sa baki a zancenta, tunda 'yar fari ce. Sai ya zama Goggo Riskuwa ce aka ɗora wa tambayar wanda take so.

Ran nan da hantsi Goggo ta shigo ta zauna a bakin gadon Nuriyya, ta kwance lulluɓinta.

"Uwa, aje allurar nan ki dube ni."

Nuriyya ta ajiye, amma ba ta ɗago ba.

"Zulkihili ɗana na, ɗan'uwanki na, jininki na. Mota gare shi, shago gare shi. Wancan kau na Argungu mi ag gare shi, in ba babur da warin kihi ba?"

Baiwa, ƙanwar Nuriyya da ke bi mata, tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa. Ta ce, "Goggo, ai kifin da ya kawo wancan makon ke kika cinye kan."

"Ke rufe min baki, mai bakin reza. Ba da ke nika ba." Goggo ta juyo. "Uwa, Zulkihili kika so ko?"

Nuriyya ta buɗe baki. Sunan Abdussamadu ya zo mata har kan harshe ya koma. Ta kama bakin zanenta tana murzawa.

"Kun gani ko? Ta yi kurum. Malamai sun ce budurwa in anka tambaye ta ta yi kurum, ta yarda."

Baiwa ta ce, "To ki tambaye ta Abdussamadu mana, ki ga in ba shirun za ta yi ba."

Goggo ba ta kula ta ba. Ta ja hannun Nuriyya har ɗakin Alhaji, ta tarar da shi a kujerarsa ya kara ƙaramar rakoda a kunne.

"Ummaru, magana ta ƙare. Na tambaye ta, ta yi kurum."

Alhaji ya kashe rakodar. "Yaya, Uwata ko an tambaye ta tana son tuwo kurum taka yi. Kurum ɗinta bai ishe ni shaida ba." Sannan ya ce, "Ni yanzu lasihika ad damuwata. Duk gidan ga ba mai kunne irin na Uwata. Tun tana ƙarama, in mota ta tsaya waje ita ka hwaɗa muna ko ta wa ce. Ran Jumma'a bayan an sauko, a jera su duka bayan labule, a kunna, ta zaɓa min wadda ta hi."

Idon Goggo ya yi haske. Ta san abin da ɗanta ya kawo.

"Madalla. To tunda bakinta ɗunke shike, kunnenta shi yi muna magana. Wadda duk taz zaɓa, mai ita shi na mijin. Ka yarda?"

Gaban Nuriyya ya faɗi. Ta ɗago ta dubi mahaifinta tana jiran ya ce a'a.

Alhaji ya shafa gemunsa. "To, Allah shi kai mu Jumma'ar," kawai ya ce.

Kafin azahar Goggo ta gama shelanta wa dangi cewa Ummaru ya yarda.

*

Ranar Laraba bayan la'asar Abdussamadu ya zo. Baiwa ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta ajiye ruwa ta koma ciki. Nuriyya ta fito idonta jawur.

"Subhanallahi. Wa ya taɓa min ke?"

Sai hawaye suka zubo mata. Shi kaɗai ne mutumin da take iya yi wa magana mai tsawo, amma ranar sai da ya yi ta lallashi kafin ta iya ba shi labarin abin da Goggo ta ƙulla.

"Kuma a bayan labule za a sa su," ta ce tana shessheƙa. "Ta yaya zan gane naka? In na zaɓi nasa fa? Wallahi na so in yi magana, Abdussamadu, na so. Bakina ne ya ƙi."

Sai ya fara murmushi, murmushin ya zama dariya.

"Ina kuka kana dariya?"

"Yi haƙuri. Ba ke nake wa ba, kaina nake wa. Zan faɗa miki wani abu, amma kada ki raina ni."

Ta share ido ta dube shi.

"Lasifikokin nan wani abokina ne ya samo min a Sakkwato, masu kyau ne, na ji su da kunnena a shagonsa. To da muka taso, don kada su bugu, na ƙi shiga gaba, na hau baya na rungume su kamar 'yan tagwaye. Mun kusa Argungu direba ya kauce wa wata akuya, muka faɗa rami. Na yi sama, suka yi sama. Ni na sauka a kan buhun albasa, ɗayar kuma ta sauka a kan ƙarfen mota."

Nuriyya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki, ai na ce kada ki raina ni. A jiki ba ta nuna komai ba. In karatu aka sa, lafiya lau. Amma da babbar ganga ta shigo, sai ki ji wani abu a cikinta yana kar-kar-kar, kamar an ɗora murfin kwano a kan tukunya mai tafasa. Na kai wa mai gyara, ya ce sai an aika Legas an nemo abin."

"Baba ya sani?"

"Na je in faɗa masa, ya ɗaga min hannu ya ce kada wanda ya yi masa bayanin kayansa, kunne zai yi hukunci." Ya matso kaɗan, ya rage murya. "Kin ga ke nan Allah Ya kawo mana sauƙi. Duk wadda kika ji tana karkarwa, tawa ce. Akuyar nan ai waliyyiya ce."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ji nauyin da ke ƙirjinta ya sauka.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure, ya daɗe yana juya makullin babur a hannunsa.

"Nuriyya, ni ma fa abin bai kwanta min duka ba. Ban so Baba ya zauna da kaya mai aibi saboda ni. Amma rasa ki ne ba zan iya ba. In an gama zan nemo abin gyaran ko a ina yake."

Ta gyaɗa kai. Ta koma cikin gida da sauri, har tana tuntuɓe da butar Inna.

*

Washegari da safe ta kai wa mahaifinta kunu. Ta tarar da shi shi kaɗai, ya kara 'yar rakodarsa a kunne, kaset ɗin gayya na ciki. Sautin na fita siriri kamar kukan sauro. Bai ji shigowarta ba. Leɓɓansa na motsi, ƙafarsa na buga darduma a hankali.

Ta durƙusa ta ajiye kwanon. "Baba, ga kunu."

"Uwata ce? Zamna ki ji." Ya miƙo mata rakodar. "Kin ji nan? Akwai wurin da ƙanena Tamba, Allah shi jiƙanshi, ya yi kirari daga can ƙarshen gona. Ranar ina tsaye ina kallonai, laka har gwiwa. Cikin wagga 'yar aba ba ni jin shi, sai dai in tuna shina nan. In an samu lasihika ta ƙwarai, an ce har inda kowa yat tsaya kana ji." Ya yi murmushi. "Gonar ta hi ƙarhin idona yanzu. In kunne ya kai ni, ya ishe ni."

Nuriyya ta mayar masa da rakodar.

Ta fito ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Baiwa ta biyo ta.

"Yau kuma mene ne? Jiya kin kwana kina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da Makka."

Nuriyya ta ba ta labarin akuya da karkarwa, ta ba ta labarin Baffa Tamba.

"In na zaɓi mai karkarwa na cuci Baba. Kullum ya kunna sai ya ji murfin kwano a kan muryar ɗan'uwansa. Kuma ya ce ya yarda da kunnena, Baiwa. A gaban Goggo ya faɗa."

"Ai an ce za a gyara."

"Yaushe? In ba a samu abin ba fa? Kuma ko an gyara, na yi masa ƙarya."

"To ki zaɓi ta Yaya Zulkifli ki aure shi. Ba shi da laifi, sai dai surutu. Kya huta ma, shi ya yi maganarku ku biyu."

Nuriyya ta fashe da kuka. Baiwa ta zauna kusa da ita ta dafa ta.

"Yaya, ni ban ga abin wahala a nan ba. Baki gare ki. Ki zaɓa wa Baba lasifika, ki zaɓa wa kanki miji."

"A gaban Baba? A gaban Goggo? In kama sunan namiji?"

"To ni in faɗa miki?"

"Goggo za ta ce ba ke aka tambaya ba."

"Kin ga kuwa ashe kin san amsar," in ji Baiwa, ta tashi ta koma kan wankinta.

*

Ranar Jumma'a aka ɗaura igiya daga bango zuwa bango a ɗakin Alhaji, aka rataya wani farin yadi marar kauri, don kada ya tare sauti. A bayansa aka tsayar da lasifikokin guda huɗu. Zulkifli ya dage sai an janye su daga jikin bango, ya ce in sun manne sautin ganga kumbura yake yi. Abdussamadu ya ce gaskiya ne, ya kama masa suka ja. Aka ɗan karkato fuskokinsu suna duban kujerar tsakiya.

Zulkifli ya fara bayani. "Kawu, kowace ɗaya baki uku gare ta. Na ƙasa babba na ganga, na tsakiya na muryar mutum, ƙaramin na sama kuma..."

"Zulkihili, na ce ba ni son talla. Ku shiga bayan labulen ku biyu, ku shirya wadda za ku fara sawa, kada mu ji."

Samarin biyu suka shige suka tsuguna a ɗan matsattsen wuri, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga zafi. Ana jin raɗarsu.

"Malam, ka taka min riga."

"Yi haƙuri, babbar rigar taka ce ta cika wurin."

Goggo Riskuwa ta zauna a kan darduma ta miƙe ƙafa tana taunar goro, fuskarta fal annuri. Baiwa ta tsaya a bakin ƙofa. Inna ba ta shigo ba, amma an daina jin dakan da take yi a tsakar gida.

Alhaji ya tashi daga kujerarsa. "Uwata, zamna nan."

"Baba, a kujerarka?"

"Nan sautin ka haɗuwa. Zamna."

Ta zauna a ɗofane, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Alhaji ya zauna a ƙasa kusa da yayarsa.

Aka fara da karatu. Na farko suka yi, aka canja waya, na biyu suka yi. Duka biyun muryar mai karatun ta fito tas, har jan numfashinsa ana ji. Nuriyya ba ta iya raba su ba.

"Yanzu a sa na gayya," in ji Alhaji. "Kada ku ƙure ƙara. Ba gidan biki muke ba."

Na farko suka fara. Hayaniyar manoma ta cika ɗakin, ƙananan ganguna suka shigo, daɗi kamar me. Sai babbar gangar Arzika ta faɗo. Daga ɓangaren hagu wani abu ya amsa, kar-kar-kar. Ba shi da ƙarfi sosai, wanda bai sani ba zai ce cikin kiɗan yake. Nuriyya ta ji shi har cikin haƙoranta. Zuciyarta ta ce, ga naki nan.

Aka mayar da kaset baya, aka canja waya.

Na biyu suka fara. Nuriyya ta lumshe ido, sai ta ji bangon ɗakin kamar ya matsa baya. Ga makaɗa a dama. Ga ƙarar fartanya tana shiga laka a gaba. Ga wata mata can tana kiran a zo a ɗauki fura. Babbar ganga ta faɗo, ta ji ta a ƙirji, ba karkarwa ba komai. Can daga nesa, ta hagu, wata murya ta tashi da kirari, siririya amma a fili.

Ta buɗe ido ta saci kallon mahaifinta. Ya juya fuskarsa wajen hagu, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ya kama gwiwar Goggo.

"Yaya," ya ce a hankali, "Tamba."

Goggo ta daina taunar goro.

Aka kashe.

"To, Uwata. Wacce?"

Nuriyya ta ji gumi na bin bayanta. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta farko, shi ke nan ta samu wanda take so, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ta dubi labulen. Ta dubi hannun mahaifinta da har yanzu yake kan gwiwar Goggo.

"Ta biyu," ta ce.

Aka yaye labule. Zulkifli ya miƙe yana washe baki, waya a hannunsa. Abdussamadu na tsugune, ya dube ta sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Goggo ta rangaɗa guɗa. "Alhamdu lillahi. Kunne ya yi magana. Ummaru, sai ka sa muna rana. Ni dama na san jini ba shi..."

"Baba."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, amma Alhaji ya ji. Ya ɗaga hannu, Goggo ta tsaya.

"Ina jin ki, Uwata."

Nuriyya ta zamo daga kujera ta durƙusa. Baiwa daga bakin ƙofa tana yi mata alama da hannu kamar mai tura mota.

"Baba, lasifikar Yaya Zulkifli ta fi. Ita ta dace da kai. Ta farkon tana da rauni a hagu."

"Na ji wannan."

"Amma ni..." Ta tsaya. Hawaye suka zubo.

"Ɗaga murya. Kin san tsoho ni ke, ga ido babu."

Goggo ta ce, "Ummaru, kak ka matsa wa yarinya, ta riga ta..."

"Ni Abdussamadu nake so."

Ta faɗe shi da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba, har ya fita tsakar gida. Aka ji taɓarya ta faɗi a can wajen Inna. Nuriyya ta kifa fuskarta a kan darduma ta ja mayafi ta rufe kanta gaba ɗaya.

Alhaji Ummaru ya fara dariya. Ya yi ta yi har yana share ido da hannun riga.

"Yaya, kin ji ko in sa a maido miki baya?"

"Ai ba haka munka yi da kai ba. Ka yarda wadda taz zaɓa..."

"Ni? Cewa niy yi Allah shi kai mu Jumma'a. Ga shi kau Ya kawo mu." Ya juya wajen Abdussamadu. "Kai kuma, tun randa kak kawo kayanka na sa anka kunna min su da kun tahi. Na ji murhin kwanonka. Na kuma san za ka hwaɗa mata."

Abdussamadu ya rasa inda zai sa kansa. "Baba, akuya ce..."

"Bar akuya ta huta. Da Uwata ta zaɓi mai karkarwa, da na ba ka ita, don na san inda ranta yake tun randa nij ji tana gyara tahiya in babur ɗinka ya tsaya. Amma da na zamna da baƙin cikin ɗiyata ta hi son ta yi min ƙarya da ta buɗe baki gabana. Gidan miji za ta. Wadda ba ta iya cewa ga abin da nika so, ko ina anka kai ta wahala taka sha."

Goggo ta ɗaure fuska ta juya wa kowa baya. Zulkifli kuwa murmushinsa ya tafi. Ya dubi ƙanwar tasa da ke dunƙule cikin mayafi, ya daɗe, sannan ya sauke numfashi ya durƙusa kusa da mahaifiyarsa.

"Inna, ki bari. Tun muna yara ban taɓa jin Uwa ta ɗaga murya ba sai yau, kuma ba sunana ta kira ba. Ya zan yi da matar da sai na sa mata lasifika kafin in ji ta?" Ya juya ya miƙa wa Abdussamadu hannu. "Malam, ka ci. Amma ka sani kayana sun fi naka."

"Wallahi sun fi," in ji Abdussamadu, ya riƙe hannun da hannu biyu.

"To ka hwaɗa wa manyanka na Argungu ina jiransu," in ji Alhaji. "Su taho da kihi mai yawa, Yaya ba ta cin kaɗan."

"Allah shi sawwaƙe min," in ji Goggo, ba ta juyo ba. Can kuma ta ce, "In za su kawo, giwan ruwa, ban son tarwaɗa."

Baiwa ta tuntsire da dariya, ta shigo ta kama yayarta ta ɗaga ta. Nuriyya ta miƙe fuskarta a rufe, tana laluben ƙofa.

Abdussamadu ya fara naɗe wayoyinsa. "Bari in kwashe nawa, Baba, in ba ka wuri."

"Aje su. Su ma na saye."

"Baba, mai raunin?"

"Ita ɗin. Cikin kayan ɗakin Uwata za a sa su. Duk randa kunka yi hwaɗa ta yi maka kurum, ka kunna mata ganga, ta tuna tana da baki."

Nuriyya ta fizge hannunta daga na Baiwa ta ruga cikin gida. A tsakar gida ta yi karo da Inna, wadda ta yi sauri ta sunkuya tana neman taɓaryar da ke gabanta. Ba ta dubi 'yar tata ba, sai dai da Nuriyya za ta wuce ta kama yatsunta ta matse sau ɗaya ta saki.

Daga ɗakin Alhaji aka ji ya ce, "Zulkihili, maido min ita daga farko. Yaya, taho ki zamna kujerar ga, ki ji inda Tamba yat tsaya."